Idan Sammaci Ya Zo da Sunan Ɗanka

 

Sharhinmu na yau a kan takardar sammaci ne, irin wadda masinjan kotu ko ɗan sanda zai yi sallama da ita a ƙofar gida, maigida ya fito zaure ya karɓa, ya duba ya ga sunan da ke ciki na ɗansa ne ɗan shekara goma, ko na ɗiyarsa da ba ta gama firamare ba. Kotu na neman yaron ya zo ya faɗi abin da ya gani. Wataƙila faɗa aka yi a bakin famfo aka fasa wa wani kai yana tsaye a wurin. Wataƙila shi ya ga wanda ya tura babur daga ƙofar masallaci lokacin da ake sallar Magariba. Wataƙila kuma, Allah Ya kiyashe mu, abin a jikinsa aka aikata shi.

Duk wanda ya zauna a unguwannin Sakkwato irin su Mabera, ko Runjin Sambo, ko Ƙofar Marke, ya san amsar da ta fi saurin fitowa daga cikin gida. Uwa daga bayan labule za ta ce: "Wallahi ɗiyata ba ta taka kotu. Mi tas sani? Yarinya ta!" Kafin gari ya waye an ɗora yarinyar a mota, an kai ta wurin kakarta a Gwadabawa ko Boɗinga. Wani ma sai ya bi da ita ta Illela ya tsallaka Birnin Ƙonni, wai sai ƙura ta lafa.

Ba na ganin baiken wannan tsoro. A wurinmu gidan da aka san shi da zaryar kotu ana yi masa wani irin kallo. Uwa tana tunanin ranar da za a zo neman auren ɗiyarta, wani ya tsegunta wa dangin miji cewa ai ita ce aka taɓa tsayarwa gaban alƙali. Uba yana tunanin maƙwabcin da ake tuhuma, wanda katanga ɗaya ta raba su, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, kuma idan aka ba da belinsa gobe a unguwar zai kwana. Wannan duk gaskiya ne. Sai dai tsoron yakan sa iyaye su yi abin da doka ba ta ba su dama ba, su kuma bar abin da ta ba su dama ya wuce ba su nema ba.

Mu fara da ita kanta takardar. Sammacin kotu umarni ne, kuma yana da alamomi: sunan kotun, lambar ƙarar, sunayen masu shari'ar, rana da lokaci, sa hannu da hatimi. Ya bambanta da saƙon baki da ɗan sanda zai kawo cewa ana son ganin yaro a ofis. Haƙƙinka ne a karanta maka takardar, a fassara maka ita da Hausa, ka kuma taka da ƙafarka zuwa ofishin rajistaran kotun ka tabbatar cewa daga can ta fito, ka tambayi wace ƙara ce da kuma ɓangaren da ya nemi a kira ɗanka. Ba a biyan ko kwabo don a zama mai shaida. Idan ranar ta faɗo a kan jarrabawa, ko yaron na kwance ba lafiya, sai ka je wurin mai gabatar da ƙara ko lauyan da ya nemi a kira shi, da takardar makaranta ko ta asibiti a hannu, a roƙi kotu ta sa wata rana. Idan kana ganin yaron bai san komai a kan maganar ba, ko zuwansa zai yi masa illar da ta fi amfanin shaidar, lauya na iya roƙon kotu ta janye sammacin. Alƙali ne zai yanke, amma ƙofar roƙon a buɗe take. Abin da ba ka da shi shi ne ikon yin kunnen uwar shegu. Mai shaidar da aka kira ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba, kotu na da ikon ba da takardar a kawo shi, kuma babban da ya ɓoye yaro da gangan don kada ya yi shaida, shi ne zai amsa tambaya a kan hana shari'a tafiya.

Wani zai ce, to ai yaro ne, wa ke karɓar maganar yaro? Dokar Shaida ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2011, ba ta yanke wata shekara ta ce wanda bai kai ta ba ba ya shaida ba. Sashe na 175 ya buɗe ƙofa ga kowa, in ban da wanda kotu ta ga ƙuruciya, ko tsufa, ko ciwo sun hana shi gane tambaya ko ba da amsa mai ma'ana. Sashe na 209 kuma ya raba yara kashi biyu. Wanda ya cika shekara 14 rantsar da shi ake yi kamar babba. Wanda bai kai 14 ba, ba a rantsar da shi, amma ana sauraronsa idan alƙali ya gamsu cewa yana da wayon da ya isa, ya kuma san cewa faɗin gaskiya wajibi ne.

Wanda ya taɓa zama a kotu ranar da aka kira ƙaramin yaro ya ga yadda ake wannan gwaji. Ana shigo da shi, kansa da ƙyar ya leƙo saman akwatin shaida. Alƙali ya ajiye biro, ya sassauta murya. "Yaya sunanka? Wace makaranta kake? Aji nawa? Kana zuwa makarantar allo? Ka san gaskiya? Ka san ƙarya? To, mai yin ƙarya me ke samunsa?" Yaro ya sunkuyar da kai, yana murza bakin rigarsa, ya ce: "Allah na ƙona shi." Tafinta ya mayar da Turanci, alƙali ya rubuta. Daga waɗannan 'yan tambayoyi ne ake yanke ko za a saurare shi. Kun ga ke nan takardar haihuwa tana da aiki a nan, domin tsakanin shekara 13 da 14 hukuncin ya bambanta. Duk wanda ke da takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ko katin rigakafi, ko rajistar makaranta, ya tafi da su.

Akwai kuma wani sharaɗi a wannan sashe da ya kamata kowane uba ya riƙe. Ba a ɗaure mutum da shaidar yaron da ba a rantsar ba ita kaɗai. Dole a samu wata hujja ta daban da ke ƙarfafa ta, tana nuna wanda ake tuhuma. Wannan kariya ce ga wanda aka yi wa ƙazafi, kuma daidai ne. Amma yana nufin cewa idan ɗiyarka aka ci wa zarafi, ka wanke tufafin, ka yi mata wanka, ka zauna mako biyu kuna shawara da dangi kafin a je asibiti, to ka bar ta ita kaɗai da bakinta a gaban kotu, kuma bakin nata kaɗai ba zai isa ba. A nan Sakkwato akwai Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru, wadda aka buɗe musamman don waɗanda aka yi wa fyaɗe da cin zarafi, ana duba su a ba su magani da shawara, a kuma rubuta rahoton likita. Maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki a cikin sa'o'i 72 na farko yake aiki. Gaggawar zuwa asibiti lafiyar yarinyar ce, ita ce kuma hujjar da za ta tsaya mata ranar shari'a.

Yanzu bari mu koma gida, ga littattafan da alƙalan wannan ƙasa suka yi hukunci da su tun zamanin Shehu Usmanu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, waɗanda har gobe ake karantawa a zaurukan Sakkwato. A fiƙihu asalin mai shaida baligi ne, mai hankali, adali. Shi ya sa a kotun shari'ar Musulunci ba a tabbatar da bashi ko ciniki ko saki da bakin yaro. Amma mazhabar Imamu Malik ta ware wuri guda da akasarin sauran mazhabobi ba su ware ba: shaidar yara a tsakaninsu, a kan rauni ko kisa da ya auku a wurin da suke su kaɗai, kamar filin wasa. Muwaɗɗa ta kawo cewa Abdullahi ɗan Zubairu yana hukunci da irin wannan shaida, Risala ta Ibnu Abi Zaidin ma ta kawo hukuncin. Dalilin a fili yake. Manya ba sa halartar wasan yara, idan aka ƙi jin yaran, jinin wanda aka raunata ya tafi a banza ke nan.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sharaɗin da malaman suka gindaya. Ana karɓar shaidar ne kafin yaran su watse, kuma kafin wani babba ya shiga tsakaninsu. Idan suka koma gida kowa ya kwana wurin iyayensa, shaidar ta faɗi, sai fa idan tun kafin su watse an samu adilai sun ji abin da suka faɗa sun riƙe. Ku duba wanda malaman suke tsoro a nan. Fiye da shekara dubu da suka wuce sun gane cewa yaro yakan faɗi abin da idonsa ya gani, kuma abin da ke gurɓata maganarsa shi ne babban da ya zauna da shi ya ce masa "ba haka za ka ce ba". Tunanin yaro kamar sawun ɓarawo ne a kan rairayi: idan aka tashi da safe dattijo yakan hana kowa bi ta wurin sai mai bin sawu ya iso, domin ƙafar mai neman taimako tana shafe sawun daidai da yadda ƙafar mai ɓoye laifi take shafe shi.

A nan ne nake son iyaye su ja layi. Kuna da haƙƙi a kan lafiyar yaron, da mutuncinsa, da sunansa, da karatunsa, da kwanciyar hankalinsa, kuma ku tsaya a kan waɗannan da ƙarfinku. Amma abin da ya gani da idonsa amana ce tsakaninsa da Allah da kotu, ba ku da ikon ƙarawa ko ragewa.

Mu ɗauki daren jajibirin shari'a a wani gida. An gama cin tuwo, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, an kira yaro. Baffansa ya zaunar da shi: "In anka tambaye ka, ka ce da wuƙa kag gane shi." Yaron sanda ya gani. Amma baffa ya ce wuƙa, uba na zaune bai musa ba, kuma an koya masa tun yana rarrafe cewa ba a jayayya da babba. Ya maimaita sau uku har ya haddace. Washegari a kotu ya zuba karatun tiryan-tiryan. Lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe, bai ɗaga murya ba, ya yi masa murmushi ya ce: "Yaro, wa ya ce ka faɗi haka?" Yaro, da yake bai iya ƙarya mai hawa biyu ba, ya ce: "Baffana." Shi ke nan. Wuƙar ta faɗi, sandar da ya gani da gaske ita ma ta bi ta, domin alƙali ba zai ƙara sakin jiki da maganarsa ba. Dangin da suka so su ƙarfafa ƙararsu su suka rusa ta da hannunsu, suka kuma ɗora wa yaro nauyin shaidar zur, wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa cikin manyan zunubai.

Shirin da ya halatta ka yi wa ɗanka gajere ne. Ka gaya masa ba shi ake tuhuma ba, ba wanda zai dake shi ko ya kulle shi. Ka ce ya faɗi abin da ya gani kawai. Abin da bai sani ba ya ce bai sani ba, wanda ya manta ya ce ya manta, wannan ba laifi ba ne. Idan bai gane tambaya ba ya ce a sake. Idan ƙishirwa ta kama shi ko fitsari ya matse shi, ya faɗa. Ka gaya masa tun daga gida cewa zai ga wanda ake tuhuma a cikin ɗakin kotun, don kada ganin ya zo masa ba zato. In da hali ka kai shi ya ga harabar kotun kafin ranar. Ka ba shi abin kari da safe, ka tafi da ruwa da ɗan abin taɓawa, domin zaman jira a barandar kotu a zafin watan Afrilu na Sakkwato ko babba yana jin jiki.

Tun kafin a kai ga kotu ma, a ofishin 'yan sanda, kada ka bar yaro shi kaɗai a ɗaki ana ɗaukar bayaninsa. Ka nemi ka zauna, ko uwarsa, ko wani babba da ya yarda da shi. Ka zauna shiru, kada ka amsa masa, kada ka yi masa ido. Idan an gama a karanta abin da aka rubuta a fassara da Hausa kafin ya dangwala yatsa, domin da wannan takarda za a auna duk abin da zai faɗa nan da watanni. Idan yarinya ce kuma maganar ta shafi al'aura, ka roƙi a samo 'yar sanda mace.

A cikin kotu, abu mafi girma da za ka nema shi ne sirri. Tsarin Mulkin 1999 ya ce shari'a a bainar jama'a ake yin ta, amma sashe na 36 da ya faɗi haka shi ne kuma ya ba kotu ikon fitar da 'yan kallo saboda maslahar wanda bai cika shekara 18 ba. Wannan ya hau kan kowace kotu a ƙasar nan, daga ta majistare har Babbar Kotu. Iyaye da yawa ba su san da shi ba, sai ka ga yarinya 'yar shekara tara tana bayanin abin da ko ga uwarta da ƙyar ta iya faɗa, alhali ɗakin cike yake da masu jiran shari'ar fili da 'yan zaman kashe wando. Ka gaya wa mai gabatar da ƙara tun kafin a zauna cewa kana roƙon a fitar da jama'a lokacin shaidar ɗiyarka. Ka roƙi a bar wani nata ya zauna inda za ta riƙa ganinsa. A lura da abu ɗaya: idan kai ma mai shaida ne a ƙarar, za a ce ka fita waje inda ba ka jin abin da ake faɗa har sai an kira ka. Saboda haka ka taho da goggonta ko innarta ko kakarta, wadda ba ta cikin masu shaida.

Lauyan wanda ake tuhuma zai yi wa yaron tambayoyi, wannan ba makawa. Tsarin Mulki ya ba duk wanda ake tuhuma haƙƙin ya tambayi wanda ya yi shaida a kansa, kuma ranar da aka yi wa ɗanka ƙazafi kai ma wannan haƙƙi za ka nema. Amma Dokar Shaida ta ba alƙali ikon hana tambayar batsa da ba ta da alaƙa da ƙarar, da tambayar da aka yi don cin fuska ko muzantawa. Idan ka ga an tasa yaro gaba da tsawa, kada ka yi hayaniya daga benci, za a fitar da kai. Mai gabatar da ƙara ne bakinka a wurin, shi zai miƙe ya ja hankalin kotu, shi ya sa ya kamata ku san juna tun kafin ranar. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko Ƙungiyar Mata Lauyoyi ta FIDA, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko Ma'aikatar Mata da Ƙananan Yara ta jiha.

Sai maganar suna da hoto. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta hana wallafa sunan yaro ko hotonsa ko makarantarsa ko duk abin da zai sa a gane shi a shari'ar da ta shafe shi. Wannan gargaɗi ne gare mu 'yan jarida, da masu makirufo da masu alƙalami. Amma a yau wanda ya fi yawan karya wannan shinge dangi ne. Zuciya ta ɗebi yaya ko kawu, ya kunna waya, ya tsayar da yarinya yana cewa "faɗa musu abin da ya yi miki", ya watsa a WhatsApp da Facebook da TikTok don jama'a su taya shi fushi. Fushin jama'a kwana uku ne. Bidiyon yana nan har ta girma, har ta yi aure, har 'ya'yanta su iya riƙe waya. Ga shi kuma ya miƙa wa lauyan ɗaya ɓangaren hujjar cewa an koya mata magana.

Akwai wani gefe mai ɗaci da ba na son in tsallake, wato ranar da shari'ar ta cikin gida ce. Dokar Shaida ta ba miji da mata wata kariya a kan maganar da ta gudana tsakaninsu a zaman aure, amma ba ta ba uba da ɗa irin wannan ba. Idan yaro ya ga ubansa ya illata uwarsa, ko ya ga matar uba ta ƙona ƙaninsa, kotu na iya kiransa. A irin wannan hali wanda ya kamata ya kare yaron shi ne wanda shaidar za ta cutar, saboda haka bai dace shi ya riƙe hannunsa zuwa kotu ba, bai kuma dace yaron ya kwana ƙarƙashin ikonsa a daren shari'a ba. Dangi na gari da jami'an jin daɗin jama'a su ya kamata su shiga tsakani. A rikicin saki da riƙon 'ya'ya kuwa, ina roƙon iyaye da girman Allah su daina jan yara gaban alƙali don su tozarta juna. Hukuncin riƙo a mazhabarmu sananne ne: uwa ce a gaba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, matuƙar ba a samu abin da ya kayar da haƙƙin uwar ba. Idan akwai irin wannan dalili, manya su kawo hujjarsa. Yaron da aka sa ya tsaya ya aibata uwar da ta haife shi, ko an ci shari'ar ko an faɗi, da wannan tabo zai girma.

Na san da yawa daga cikin waɗannan ƙararraki ba sa kaiwa ranar shaida. A zauren mai unguwa ake kashe su. A taru, a ce a rufa wa juna asiri, a ba da kuɗin magani, a yi fatiha a watse. Sulhu alheri ne a rikicin gona da bashi da faɗan maƙwabta. Amma fyaɗe ga ƙaramar yarinya ƙarar hukuma ce, ba ta uba ba ce balle ya yafe a madadin kowa. Mutumin da aka rufa wa asiri yau a Gidan Igwai, gobe yana Arkilla kusa da ɗiyar wani. Alƙur'ani a ƙarshen Suratul Baƙara ya hana ɓoye shaida, ya kuma hana a cutar da mai shaida. Biyun tare suka zo, kuma tare ya kamata mu riƙe su.

Wannan ya kawo ni ga hukuma, domin ba adalci ba ne a ce wa talaka ya kawo ɗansa alhali ba a shirya karɓarsa ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1991. Dokar tarayya ta zo a 2003 da tanadin kotun iyali. Jihar Sakkwato ta yi tata dokar gudanar da shari'ar laifuka a 2019, sannan a watan Nuwamban 2021 gwamnan wancan lokaci, Aminu Waziri Tambuwal, ya sa hannu a kan Dokar Kare Yara ta jiha, shekara 18 bayan ta tarayya. An yi ƙoƙari, kuma malamai da sarakuna da ƙungiyoyin mata sun sha zama kafin a kai ga haka. Abin da uwa ke son gani yanzu shi ne yadda dokar za ta sauka a barandar kotu.

A Afirka ta Kudu tun 1993 yaro na iya ba da shaida daga wani ɗaki na daban, ta bakin wani ƙwararre da ke karɓar tambayar lauya ya mayar da ita yadda yaro zai gane. A Ingila dokar 1999 ta ba da damar a sa shamaki tsakanin yaro da wanda ake tuhuma, ko ya yi magana ta na'urar bidiyo, har alƙali da lauyoyi su tuɓe hular gashi da baƙar riga don kada su firgita shi. Mafi yawan wannan bai fi ƙarfinmu ba. Labule da igiya sun isa shamaki. Ɗaki guda mai tabarma da fanka da randa ya isa wurin jiran yara, don kada yarinya ta zauna benci ɗaya da dangin wanda ya cuce ta suna harararta tun ƙarfe tara har azahar. A fara kiran ƙarar da ke da yaro mai shaida kafin sauran. A ɗauki shaidarsa a zama ɗaya, da wuri, tun abin yana sabo a kansa, domin kowace ɗage shari'a kwana ɗaya ne na makaranta da ya tafi, kuɗin Keke Napep ne daga aljihun uban da ya bar sana'arsa, kuma dama ce ga masu zuwa gida da dare suna roƙo ko barazana. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta tanadi a biya mai shaidar gwamnati kuɗin da ya kashe wajen zuwa. Ya kamata a ware wa wannan kuɗi na gaske a kasafin ma'aikatar shari'a ta jiha, mutumin da ya taho da ɗansa daga Wamakko ko Dange ya san tagar da zai je ya karɓa.

Duk abin da na faɗa tun ɗazu na ɗauka yaron yana da uba a zaure da uwa a ɗaki. Amma yaran da suka fi kowa ganin abin da ke faruwa a titunan Sakkwato su ne waɗanda iyayensu ke nesa: almajirin da ke kwana a rumfar kasuwa, yarinyar da aka kawo aikatau daga ƙauye, yaran da 'yan bindiga suka koro daga Isa da Sabon Birni da Rabah suna gararamba a bakin tasha. Idan aka yi sata ko aka soki wani, su ake fara tambaya, wani lokaci ma daga mai shaida sai a wayi gari yaron ya koma wanda ake tuhuma, don ba mai tsaya masa. Malamin da aka damƙa wa almajiri, da uwar ɗakin da ta karɓi 'yar aiki, nauyin da muka lissafa a kan iyaye ya hau kansu: su raka shi, su zauna a ɗauki bayaninsa a gabansu, su aika wa iyayensa. Inda malamin ko uwar ɗakin ne ake tuhuma, ko babu kowa sam, ya zama ƙa'ida a kowane caji ofis da kowace kotu a jihar nan cewa ba a buɗe bakin yaro sai an kira jami'in jin daɗin jama'a ya zauna kusa da shi, a kuma rubuta sunan jami'in a cikin fayil ɗin ƙarar.